Ƙera Jirgin Sama a Gida: Siririn Tiyon da Ran Matuƙi Ke Rataye a Jikinsa

Duk wanda ya saba zama bakin kogi a nan Kuseri da la'asar sakaliya ya san abin kallon da ba a biya masa ko sisi, wato jiragen da ke sauka suna tashi daga filin jirgin saman Hassan Djamous na Njamena, ƙetaren ruwa kaɗan. Da wannan kallo yaranmu suke tashi. Saboda haka ba mu yi mamaki ba ranar da wani matashi mai walda, wanda bai haura shekara 25 ba, ya same mu a gidan rediyo bayan mun kammala shirin masu sana'a, ya gaishe mu da ladabi, ya zaro waya ya nuna mana hotunan abin da ya shekara biyu yana haɗawa a bayan gidansu. Gangar jirgi ce ta bututun ƙarfe, da kujera ɗaya, da babban injin babur, da farfelar katako da ya sassaƙa da hannunsa.

Mun yaba masa, domin aikin ya cancanci yabo. Sai muka yi masa tambaya ɗaya: idan Allah ya sa abin nan ya ɗaga, da me zai san gudun da yake yi? Ya ce, Kawu ai wannan mai sauƙi ne, akwai waya mai GPS, kuma ya samo wani tsohon agogon gudun jirgi a wurin masu kayan gwangwan, zai jona shi da tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti. Wannan amsa ce ta hana mu sakat, ta sa muka shiga bincike da tambaye-tambaye, kuma abin da muka samo shi muke son mu ajiye a nan domin shi da ire-irensa, daga Kuseri zuwa Marwa da Garwa.

Ba shi ne farau ba. A watan Oktoban 2007 kamfanin dillancin labaran Faransa, AFP, ya bazu da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, mai shekara 24 a lokacin, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota. Ya yi wata takwas yana aikin, da kuɗin gyaran kwamfuta da wayar salula. Jirgin ya ɗaga sau shida, bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Jama'a sun riƙe labarin injin da kujerun, amma akwai wata magana a cikin rahoton da ba a kula da ita ba. Mubarak da bakinsa ya amsa cewa jirgin ba shi da na'urorin auna nauyin iska da tsayi. A ƙafa bakwai ido ya wadatar. A ƙafa dubu, cikin hazon hunturu da ba ka ganin inda ƙasa ta haɗu da sama, ido ba ya gaya wa mutum komai.

Haɗa jirgi a gida sana'a ce mai tarihi, ba hauka ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. A Faransa, Henri Mignet ya fitar da littafin koyar da haɗa ƙaramin jirginsa tun 1934. A Amurka akwai ƙungiyar EAA da aka kafa a 1953, kuma dokarsu ta yarda mutum ya yi wa jirgin da ya haɗa rajista matuƙar shi ya yi fiye da rabin aikin. Kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon yana sayar da sassan jirgi mutum ya haɗa a garejinsa, kuma sama da 10,000 daga cikinsu sun tashi. Ko Air Beetle da sojan saman Nijeriya suka yi ta koyar da matuƙa da shi, guda 60 da aka haɗa a Kaduna, asalinsa ƙirar RV-6A ce ta wannan kamfani. Dukkan waɗannan jirage, da manyan da muke gani ƙetaren kogi, suna da abu ɗaya da suka yi tarayya a kai: siraran bututun da ke kai iska daga wajen jirgi zuwa agogunan da ke gaban matuƙi.

Hanyoyin iskar biyu ne. Ta farko tana farawa da wani ɗan bututu mai buɗaɗɗen baki da ke kallon gaba, galibi a ƙarƙashin fiffike, nesa da guguwar farfela. Sunansa pito, an raɗa masa sunan Henri Pitot, Bafaranshen da ya ƙirƙiro shi a 1732 domin auna gudun ruwan kogin Seine. Iyakar gudun jirgi, iyakar ƙarfin iskar da ke turawa cikin wannan baki. Hanya ta biyu tana farawa da ɗan mitsitsin huji a gefen gangar jirgi, inda iska ke shafa ta wuce ba tare da ta tura ciki ba. Wannan huji yana jin nauyin iskar wurin ne kawai. Wanda ya taɓa hawa dutsen nan na hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya ji kunnensa ya toshe ya san abin da ake nufi. Filin jirgin Garwa yana kimanin mita 240 sama da teku, na Ngaundere ya haura mita 1,100, kuma tsakaninsu nauyin iska yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin goma. Rufe robar ruwa wofi a Ngaundere ka sauko da ita Garwa, za ka tarar ta lotse.

Agogon tsayi da agogon hawa da sauka suna sha daga hanyar gefe kaɗai. Agogon gudu kuwa yana sha daga duka biyun, bambancin da ke tsakaninsu yake nunawa. To, mai karatu, a nan gizo ke saƙar, domin wannan bambanci ƙarami ne ƙwarai. A gudun kilomita 100 a awa, ƙarfin bai wuce abin da zai tura ruwa santimita 4.8 a cikin tiyo ba. A kilomita 150, santimita 10.8. A kilomita 80, gudun da ƙananan jirage da yawa ke sauka da shi, santimita 3.1 kacal, a kilomita 60 kuma 1.7. Ke nan tsakanin 60 da 80, wanda ga ƙaramin jirgi kan iya zama tsakanin faɗowa da sauka lafiya, ruwan da bai kai santimita ɗaya da rabi ba ne. Idan ruwan sama ya shiga ya tsaya a wata lanƙwasa, agogo zai iya nuna 80 alhali jirgin 60 yake yi. A ɓangaren tsayi kuma, kowane santimita ɗaya na ruwa kuskuren mita takwas ne.

Makanikan manyan motocin da ke jere a hanyar gadar Ngeli sun san tiyon iska fiye da kowa, domin birkin tirela da shi yake aiki. Amma iskar birki tana kai bar takwas, wato nauyin ruwa mita 80, kuma idan ta yi yoyo kana jin shiii daga nesa. Ta jirgi ba ta ƙara, ba ta wari, ba ta barin digo a ƙasa. Agogo zai ci gaba da motsi kamar lafiya lau, ƙarya kawai yake yi.

Game da waya kuwa, abin da muka gaya wa matashin nan shi ne GPS gudun ƙasa take nunawa, fiffike kuwa ba ruwansa da ƙasa, iskar da ke ratsa shi ya sani. Jirgin da ke tafiya da kilomita 100 cikin iska, idan hunturu na kilomita 30 yana tura shi ta baya waya za ta nuna 130, idan ya juyo ya fuskance ta za ta nuna 70, alhali ga fiffike ba abin da ya canza. Wanda ya ga 130 ya rage wuta, shi ke nan.

Wanda yake ganin mun cika zuzutawa, ya saurari abin da ya faru da manya. Daren 6 ga Fabrairun 1996, Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika da mutum 189, mafi yawansu Jamusawa 'yan yawon buɗe ido. Tun yana gudu a titi kyaftin ya lura agogonsa ba ya aiki, amma ya ci gaba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma a wannan dare maganar ta zauna daram. Da jirgi ya fara hawa sai agogon ya farka, yana ta ƙaruwa. Dalili shi ne iskar da ta maƙale cikin toshasshen pito tana nan da nauyinta na ƙasa, ta gefe kuma tana raguwa, sai agogon gudu ya koma tamkar agogon tsayi. Na'ura ta yi kukan gudu ya yi yawa, aka rage wuta, alhali jirgin rasa gudu yake yi. Ya faɗa teku, ba wanda ya fita. Ba a samo bututun ba, amma masu bincike sun fi karkata ga cewa zanzaro ne ya yi gini a ciki, domin jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye ba a rufe bakin ba.

Zanzaro fa. Wannan da muke karya gininsa a jikin katanga, da ramin makulli, da cikin salansar babur ɗin da aka jingine. A Brisbane ta Ostiraliya, a watan Nuwamban 2013, wani Airbus A330 na Etihad awa biyu kawai ya yi a ƙasa, kafin ya tashi zanzaro ya toshe pito ɗin kyaftin, dole jirgin ya juyo ya sauka cikin gaggawa. Maganin shi ne marfi, amma marfin ma yana da nasa haɗarin: a wannan filin dai, a watan Yulin 2018, jirgin Malaysia Airlines ya tashi da marafan a jiki an manta ba a cire ba, Allah ya kiyaye ya dawo lafiya. Shi ya sa ake ɗaura wa marfin dogon jan ƙyalle. Na Aeroperú kuwa bai dawo ba. Ranar 2 ga Oktoban 1996 ya tashi daga Lima da dare, masu goge jirgi sun liƙe hujojin gefe da salatif ba su ɓare ba. Matuƙan sun nemi hasumiya ta gaya musu tsayinsu, ta gaya musu, ba tare da sun gane cewa lambar daga jirgin nasu take zuwa ba. Agogo yana nuna kusan ƙafa 9,700 lokacin da fiffike ya taɓa ruwa. Mutum 70 suka rasu. Na Air France da ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228, shi ma matsalar ta faro ne daga ƙanƙarar da ta toshe pito na ɗan lokaci.

Yanzu sai mu dawo kan aikin hannu. Tiyon ƙarin ruwa ba ya yi, haka tiyon mai na babur. Zafin Afrilu a Kuseri yana haura digiri 43 a inuwa, balle cikin fiffiken da ya wuni a rana. Roba mai laushi takan saki ta karye a lanƙwasa ta toshe kanta, bayan 'yan watanni kuma ta bushe ta tsattsage. Abin da masu haɗa jirgi ke amfani da shi shi ne tiyon nailan mai tauri ko bututun alminiyom mai laushi, mai kaurin rubu'in inci. Kusa da inji ko salansa, ko kusa da pito mai na'urar ɗumamawa, ƙarfe ake sawa, domin nailan narkewa yake yi.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, mu da ke sayen kaya a kasuwar da ke bin awon Faransa. Tiyon da ake samu a shagunan kayan tirela milimita 6 ne, rubu'in inci kuwa milimita 6.35. Ido ba ya bambanta su. Sa na milimita 6 a mahaɗin inci, zai shiga, zai yi kamar ya kama, kuma zai yi yoyo. Haka zaren da ke bayan agogunan Amurka yake da layi 27 a inci, na kayan famfon da muke da su 28. Zai ɗauru zagaye biyu ko uku sannan ya cije, wanda ya tilasta shi kuma ya fasa bayan agogon. A yanke tiyo da reza mai kaifi, a miƙe, ba da filaya ba. Idan za a naɗa farin salatif na famfo a zare, a bar layin farko tsirara kada ɓurɓushi ya shiga ciki.

Hanyar da tiyo zai bi ta fi komai muhimmanci. Ana yin hujin gefe biyu, dama da hagu, a wuri ɗaya daidai, a haɗa su a tsakiya, domin idan jirgi ya ɗan karkace iska ta tura ɗaya, ɗayan ya rama. Daga kowane huji tiyo sama yake fara yi kafin ya nufi gaba, yadda duk ruwan da ya shiga zai gangaro ya fita da kansa. Kada a bar shi ya yi ciki kamar igiyar shanya. Inda dole ne ya sauka ya sake hawa, a sa ɗan matarar ruwa mai murfi a ƙasan wurin, a riƙa dubawa, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Duk inda zai ratsa haƙarƙarin fiffike ko farantin ƙarfe, a huda ramin da ɗan faɗi a sa zoben roba, domin girgizar inji takan mayar da bakin ƙarfe zarto. A kafa maɗauri mai matashin roba kowane santimita 30 da 'yan kai. Ɗaurin roba mai haƙora da masu wayarin ke so yana da amfani, amma idan aka ja shi da ƙarfi yakan shaƙe tiyo, kuma rana tana busar da shi ya tsinke. Kada a ɗaura tiyon a jikin bututun mai, kada kuma ya kusanci wayoyi da sandunan da ke motsa fiffike da jela. Bayan an gama, mutum ɗaya ya juya sandar tuƙi iyakarta ta kowane ɓangare, wani ya leƙa da tocila ya tabbatar ba abin da ya taɓa wani. Bayan dashbod a bar ɗan rarar tiyo yadda za a iya zaro agogo ba tare da an fizge mahaɗi ba, kuma a yi wa hanyoyin biyu launi daban, domin wanda ya juya su zai ga hannun agogo ya ƙi tashi daga sifiri.

Wasu sukan ce me zai sa a wahala, a bar bayan agogon a buɗe cikin ɗakin matuƙi mana. Matsalar ita ce nauyin iskar ciki yakan gaza na waje idan jirgi yana gudu, sai agogo ya nuna gudu da tsayin da suka fi na gaskiya, wato ƙaryar da ta fi kowace haɗari. Ana ajiye wannan ne a matsayin mafita ta gaggawa, da ɗan famfon da matuƙi zai buɗe idan hujin waje ya toshe.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Farin tiyon da magina ke awon lebur da shi, a lanƙwasa shi a jikin katako kamar ƙugiya mai baki biyu, a zuba ruwa, a kafa rula. A jona baki ɗaya da pito tare da sirinji, a liƙe ƙaramin ramin zubar ruwa idan akwai shi, a tura iska a hankali. Idan tazarar ruwan ɓangarorin biyu ta kai santimita 4.8, agogo ya kamata ya nuna 100, a 10.8 ya nuna 150, a 19.3 ya nuna 200. Sai a matse tiyon a duba agogon hannu. Ƙa'idar hukumar jiragen saman Amurka ita ce a kai agogo kusan kilomita 280, kada ya sauka fiye da kilomita 18 cikin minti ɗaya, wanda agogonsa bai kai nan ba ya tsaya ƙasa da ƙarshen awonsa. A hanyar gefe kuma zuƙo iska ake yi har agogon tsayi ya hau ƙafa 1,000, kada ya sauka fiye da ƙafa 100 a minti. A saki iskar a hankali kamar yadda aka ja ta. Kuma kada wanda ya kuskura ya hura pito da baki ko da kwampreso agogo yana jone, domin farantin da ke ciki bai fi takarda kauri ba. Idan za a kori ƙura, a cire tiyon daga bayan agogo a hura daga ciki zuwa waje. A ƙarshe a ɓare duk salatif ɗin da aka liƙa, a ƙirga su, a tuna da Lima.

Wata magana da ba za mu ɓoye ba: ko an yi duk wannan, ba a tashi da jirgi sai da izinin hukuma. A Kamaru aikin CCAA ne, ita ke ba da rajista mai farawa da TJ, kamar yadda ta Cadi ke farawa da TT, ta Nijeriya 5N. Kuseri kuwa bakin iyaka ce, tana manne da filin jirgin da ASECNA ke kula da sararinsa, inda jiragen soja ma ke tashi, a yankin da matsalar tsaro ba ta ƙare ba. Wanda ya ɗaga wani abu sama a nan ba da sanin kowa ba, zai iya gamuwa da abin da ya fi zanzaro. A namu ganin, hukumomi su ma suna da laifi, domin yaro mai irin wannan basira ba ya sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, alhali ga makarantar EAMAC a Yamai, ga kwalejin koyon jiragen sama ta Zariya da ke aiki tun 1964.

Bayan mako uku matashin ya dawo. Ya aro tiyon lebur wurin wani birkila maƙwabcinsu, ya yi gwajin kamar yadda muka zana masa a bayan takardar shiri. Ya ce agogon nasa na gwangwan ashe yana da rai, ya hau 150 daidai da ruwan, amma kafin ya ƙirga ashirin hannun ya zube ƙasa. Ya kwana biyu yana shafa kumfar sabulu a mahaɗai kafin ya gano tiyon milimita 6 ne a mahaɗin inci. Ya aika a nemo masa na rubu'in inci daga Kano ta hannun wani direba. Jirgin yana nan bayan gidansu ƙarƙashin rumfar zana, bakin pito a rufe da yatsan tsohuwar safar hannu da jan ƙyalle, kuma ya ce mahaifiyarsa ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai hau ba sai wani mai takardar aikin jirgi ya zo ya duba.